Wa daji ya taɓa yi wa maganin damuwa a kaka ko hunturu?

Ɗan Matamaye: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bara mahaifina ya rasu ana tsakar yankan gero. Bayan sadakar arba'in sai gida ya ishe ni, ba barci, ba cin kirki. Wata asuba na yafa bargo na nufi gonarsa. Hazo ya rufe ko'ina, kara duk a kwance, kukar bakin hanya ta kakkaɓe ganyenta ƙaf. Gawonsa kuwa kore shar. Shi ya raine su da hannunsa bayan yunwar 1984, lokacin da manoma suka kama sassaben zamani, wato a bar tohon kututture a riƙa gyara shi maimakon a sare. Kun san halin gawo: da damina yake zubar da ganye gero ya sha rana a gindinsa, sai ruwa ya ɗauke sannan ya yi ado. Na jingina da babban cikinsu, tumaki na kiwo a inuwarsa, na taɓa tsohon tabon gatarin Baba a jikin reshe. Nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Na dawo gida na ci tuwo malmala biyu. Ko akwai wanda ya ga irin wannan?

Malamar makaranta, Bauchi: Allah ya jiƙan Baba, ɗan uwa. Ni Yankari ce. Na je a Disamba bayan zangon karatu ya gajiyar da ni har ina tunanin ajiye alli. Ciyawa ta bushe, dabbobi sun gangaro bakin kogin Gaji. Da sassafe haƙora na karkarwa na tsoma ƙafa a Wikki, ruwan da ke zaune a digiri 31 rani da damina, garau har ina ganin yashin ƙasa. Awa guda ban tuna da waya ba. Sai dai ku riƙe abincinku da kyau, gwaggon birin wurin ba ya jin kunya.

Ɗalibi a Jamus: Amin. Nan Balin a Disamba magariba kan yi kafin ƙarfe huɗu, kuma shekarata ta farko duhun nan ya danne mini ƙirji. Wani maƙwabci dattijo ya ja ni dajin Grunewald. Ganyen da ya yi ja da ruwan ɗorawa a Oktoba duk ya zube, muna takawa yana ƙaras-ƙaras. Ya kamo reshe ya nuna mini ƙananan idanun toho a ƙulle, suna jiran watan Afrilu. Tun daga ranar, kowace Asabar sai na je.

Masunci, Gashuwa: Ɗalibi, tsuntsayenku ma nan suke gudo wa sanyi. Zo Dagona a Janairu ka ga agwagin ruwa daga Turai sun rufe fadama.

Hajiya daga Safana: 'Ya'yana, kun sa ni hawaye. Muna yara, da hunturu ya kama sai mu shiga gefen dajin Rugu tsintar kanya da magarya, leɓe a tsattsage, ƙafa duk faso, mu dawo da ƙwarya cike. Can nake zuwa in huce ko bayan na yi aure. Yau shekaru ke nan ban taka ba, 'yan bindiga sun raba mu da shi. Jikokina a faranti suka san kanya, ba su taɓa ganin itacenta ba.

Ɗan Matamaye: Allah ya kawo ƙarshen abin, Inna. Akwai kanya biyu a iyakar gonar Baba, suna nuna cikin sanyin nan. In hali ya yi ki taho da jikokin, ni zan hau in girgiza musu.