Neman kalma: kuɗin da ake cire wa mai shago don bai ce a'a ba

Mai shirin kasuwanci a rediyo, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe 10 na safe zan shiga situdiyo, kuma akwai kalmar da ta tsaya mini a wuya. Turawa na ce wa abin opt-out billing. Kamfani zai ba mai shago wata ɗaya kyauta a manhajar lissafin kaya ko shafin talla, ya karɓi lambar katinsa wai don tantancewa, can ƙasa kuma ga ɗan akwati da an riga an yi masa maki. Wata na cika sai a fara cire kuɗi, ba za a daina ba sai shi ya je da kansa ya hana. Gwaggona mai ɗinki ce a nan garin, keke uku gare ta da yara biyu masu koyo. Wata bakwai ana zare mata naira 3,500, ita tana zaton cajin banki ne. Da na karɓi wayarta na ga saƙonnin a jere, kowane 4 ga wata da asuba. Kuɗin zarenta da na man janareta ne suka tafi haka. Ina son kalma gajera wadda mai sauraro a Kamba ko Yawuri zai ji ya gane.

Mai POS, Jega: Cajin dole. Haka muke cewa a kasuwa.

Malamar sakandare, Argungu: Ɗan'uwa, ai ba dole ba ne, nan mugun wayon yake. Dole ita ce wadda ba ta da ƙofar fita. Wannan da ƙofarsa, labule aka saka mata. In ka ce dole, mai shago zai sallama ya ce babu yadda zai yi. Ni ina ganin cajin shiru: sun caje ka don ka yi shiru, sun kuma yi shi a shiru.

Ɗalibin lauya, Birnin Kebbi: Cajin shiru ya yi mini. Amma Yaya, kalma biyu kake bukata, don tsarin kishiya gare shi. Akwai wanda ba a sa ka sai ka ce e, akwai wanda ka riga ka shiga sai ka ce a'a. Na farko sa kai, na biyu tsame kai. Ka kuma gaya wa masu sauraro dalilin da ya sa ake bin 'yan kasuwa. Tarayyar Turai ta haramta akwatin da aka riga aka yi wa maki don ƙarin kuɗi a dokarta ta 2011, amma dokar mai sayen amfanin kansa take karewa. Wanda ya saya da sunan shago ba ya ciki. Ga shi mai shago ba shi da akanta, kuɗi na shiga na fita duk yini, 3,500 sai ta ɓace a tsakani.

Mai sayar da hatsi, Gusau: Don Allah kada a ce sa kai a rediyo. Mu nan Zamfara in aka ce 'yan sa kai kowa ya san abin da zai faɗo masa a rai, kuma ba maganar ciniki ba ce. Tsame kai dai na yarda da ita.

Tsohon malamin Hausa, Gwandu: 'Ya'yana, ina ta karanta ku. Caji Hausa ce? Kun ɗauko kalmar Bature kun ɗora mata hula. Alhali muna da abinmu tun kaka da kakanni: talala. Dabba a ɗaura mata doguwar igiya, ta yi ta kiwo tana ganin sake take, sai ta nufi nesa ta ji igiya a ƙafa. Wanga mai shago haka yake. Watan kyauta shi ne tsawon igiyar, katin nan shi ne turken. Ku ce biyan talala.

Malamar sakandare: Baba, hoton ya yi kyau ƙwarai, wallahi har na ga akuyar. Sai dai gidajen labarai sun riga sun kama ɗaurin talala, in an tsare shugaba a gidansa shi ake faɗa. Mai sauraro zai ɗauka labarin juyin mulki ne.

Tsohon malamin Hausa: Ɗiyata, su wa suka ba gidajen labarai kalmar? Makiyayi ya riga su. Abin da ka damuna ke nan, duk abin da aka faɗa daga Kano ko London shi ne Hausa, namu kuwa a ce karin harshe. Mu kuɗɗi muka cewa, an sa mu rubuta kuɗi, mun yi haƙuri. A Gwandun nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, ana rubuta Hausa da ajami tun ba a san boko ba. Yau kuma a ce ba mu iya raɗa wa abu suna sai mun yi aro?

Ɗan jarida, Gusau: Allah ya ƙara girma Baba, amma aro ba abin kunya ba ne. An ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, mutane suka ce kwamfuta. An ce wayar tafi-da-gidanka, yau kowa waya kawai yake cewa. Yanar gizo ce ta ɗan zauna, ita ma kafaɗa da kafaɗa take da intanet. Asibiti da makaranta da tasha fa, duk namu ne na gado?

Tsohon malamin Hausa: Makaranta tamu ce, daga karanta take. Ka koma aji.

Ɗan jarida: Na karɓi gyara a kan wannan, Baba. Sauran biyun suna nan.

Limamin unguwa, Bunza: Ku bar gardamar asali ku dubi ma'ana. Ni kalmar shiru nake so ta fito, don a kanta zaluncin ya ginu. Malaman fiƙihu sun ce ba a jingina wa mai shiru magana. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna da ɓarna, sai fatauci bisa yardar juna. Wanda bai san an sa shi ba, yaushe ya yarda?

Mai POS: Allah gafarta Malam, to ba an ce shirun budurwa yardarta ba ne?

Limamin: Ita an zo an tambaye ta, ta ji da kunnenta, kunya ta hana ta amsawa. Gwaggon wannan bawan Allah wa ya tambaye ta? Ba a gwama su.

Mai shirin: Malamai, dare na yi, ku taimaka mu dawo kan hanya. Ga abin da zan faɗa a shirin, ku duba mini. Tun 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fito da lambar 2442 don toshe saƙonnin talla, akwai kuma 622 ta kai ƙorafi a kan kamfanin waya. Abin da ya shafi sauran kamfanoni kuwa akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, da dokar 2018 ta kafa. Zan kuma kawo misalin Amurka, inda a watan Satumban 2025 kamfanin sayar da kaya ta intanet Amazon ya amince zai biya dala biliyan 2.5 a ƙarar da hukumar kasuwancin ƙasar ta kai shi kan shigar da mutane tsarinsa na Prime, wanda ake cire wa mutum kuɗi a kai a kai, da wahalar da su wajen fita. Sai na roƙi kowane mai shago ya zauna ya bi saƙonnin bankinsa na wata uku, ya nemi adadin da ke maimaita kansa rana ɗaya. Kalmar ce kawai ta rage.

Malamar sakandare: Cajin shiru. In ka faɗa da farko ka bi shi da bayani, wato kuɗin da ake cire maka don ba ka ce a'a ba. Tsame kai kuma ga mai son fita.

Ɗalibin lauya: Kishiyar fa? An ƙi sa kai ba a kawo wata ba.

Mai sayar da hatsi: Shiga da yarda.

Ɗalibin lauya: Ta yi tsawo, kuma ba ta tafi da tsame kai ba. A bar ta a buɗe, mu dawo mata bayan shirin.

Tsohon malamin Hausa: Ni ban yarda da caji ba, kuma ba zan yarda ba. Amma tunda gobe ne, yi abinka ɗana. Roƙo ɗaya: in ka zo bayani, ka ba su misalin dabba da igiya, ka faɗi talala ko sau ɗaya ne. Mutanen karkara za su gane ta kafin su gane cajinku.

Mai shirin: Na ɗauka, Baba, da ita zan buɗe shirin. Cajin shiru zai zama take, talala misali. Allah ya saka wa kowa da alheri. Gwaggo ma ta ce za ta bugo waya in an buɗe layi, ta ba da labarinta da bakinta.