Neman shawara: ta yaya za mu ɗauki albam na jita har masu sharhi su waiwaye shi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu huɗu ne a Damagaram: jita biyu, bes da ganguna. Muna da waƙoƙi goma, muna so mu shiga sitidiyo. Mun ga yadda jaridun waje suka yaba wa albam ɗin Afrique Victime na Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Nijar, wanda kamfanin Matador ya fitar a watan Mayun 2021. Me suka gani a cikinsa? Kuma ta ina za mu fara? Allah ya saka da alheri.

Amsa ta farko:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Abin da ya kama kunnen masu sharhi shi ne sautin mutum huɗu suna kaɗawa tare. Saurari waƙar da aka sa wa albam ɗin sunanta, ta haura minti bakwai: tana farawa a hankali, gangar Souleymane Ibrahim tana ƙara sauri, jitar Ahmoudou Madassane tana riƙe da zaren, sannan Mdou ya sake tasa. Wannan ƙarin saurin ba ya samuwa idan an ɗora kowa a kan bugun kwamfuta, shi kaɗai a ɗaki.

Saboda haka ku ɗauki ganguna, bes da jitar rakiya a lokaci guda. Murya da jitar gaba a ɗora su daga baya. Makirufo shida sun isa: ɗaya a bakin babbar ganga, ɗaya a ƙaramar, biyu a sama da kan mai ganga, ɗaya gaban kowace amfilifaya. Irin Shure SM57 ya wadatar. Bes kuwa a jona shi kai tsaye cikin na'ura. Na saman nan biyu ku auna da igiya, nisansu daga ƙaramar ganga ya zo daidai. In ɗaya ya fi kusa, sautin yana cin juna, sai ku ji gangar ta rame.

Ku saita ingancin ɗauka a na'ura kan 24-bit, 48 kHz, kada ƙarfin sautin ya wuce -10 dB a ma'auninta. Abin da ya fashe a ɗauka, babu mai iya ɗinke shi.

Amsa ta biyu:
Yaya ya faɗi gaskiya, amma ya tsallake babban maƙiyinku: wutar janareto. Jita irin Stratocaster, wadda Mdou ke kaɗawa, tana jawo gurnanin wuta na 50 Hz, kuma da zarar an ƙara wa amfilifaya ƙarfi sai gurnanin ya taso. Ku ɗauka da batir da inbata in akwai hali. Duk kayan su sha daga soket ɗaya, a kashe fanka da fitilar tsinke, a nisanta cajar waya. Mai jita ya riƙa juyawa a tsaye har ya sami fuskar da gurnanin ya yi ƙasa, ya tsaya nan. A canza tsirkiya kwana ɗaya kafin ɗauka, don sabuwa fil tana saki a tsakiyar waƙa.

Goma kuma sun yi yawa idan dogaye ne. Afrique Victime tara ne, a cikinsu akwai masu sanyi na jitar da ba ta wuta, kamar Tala Tannam, su ne ke ba kunne hutu. In kuna mafarkin faifan garmaho, kowace fuska minti 20 zuwa 22 take ɗauka.

Amsa ta uku:
Malam, bari in taɓa ɓangaren sharhi, don nan ake yawan ruɗuwa. Yabon 2021 bai faɗo daga sama ba. A 2008 Mdou ya ɗauki albam ɗinsa Anar a Sakkwato, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka yi ta yawo a wayoyi ta bulutut. Daga nan kamfanin Sahel Sounds ya tsinto shi, ya fitar masa da albam ɗin Ilana a 2019, suka yi ta zagayen wasa a Amurka da Turai. Lokacin da Matador ya kai albam ɗin gaban Pitchfork, shafin sharhin kiɗa na Amurka, da sauransu, sun riga sun san sunan.

Abin da zai dame ku shi ne, galibin masu sharhin ba sa jin harshen waƙa. Mdou da Tamashek yake waƙa, sai aka yi ta kwatanta shi da Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jita na Amurka, alhali wanda ya fara sa shi son jita Abdallah Oumbadougou ne, makaɗin jitar Abzinawa na Nijar. Abin da suka rubuta kan saƙon, wato mulkin mallaka, haƙƙin mata da soyayya, daga fassara da hirarraki suka samo shi. Ku ma in ba ku ba su ba, za su yi magana kan jita kawai, su lulluɓe ku da sunan kiɗan sahara su wuce. Ku rubuta baitocin da Hausa, gefe da fassarar Faransanci da Turanci, ku faɗi kiɗan da kuka taso a kai.

Mai tambaya:
Madalla, mun gode. To yaushe ake aika musu?

Amsa ta huɗu:
Wata biyu zuwa uku kafin ranar fita, ƙanena. Bayan an saki albam da wuya edita ya ba shi fili. Wasiƙa gajeriya: bayaninku a sakin layi ɗaya, hotuna biyu masu kyau, sunan kowa da abin da ya kaɗa, inda aka ɗauka, da mahaɗin sauraro na sirri. Kada ku tura waƙa ta WhatsApp, yana matse ta. Ku ajiye asalin a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba. Ku nemi marubucin da ya taɓa rubutu kan kiɗan Nijar ko Mali, ba akwatin jarida na kowa da kowa ba. Spotify, dandalin sauraron kiɗa, yana son a gabatar wa editocinsa waƙa aƙalla kwana bakwai kafin ta fita, a Bandcamp kuma, shafin sayar da waƙa, ku da kanku za ku sa farashi. Kafin duk wannan, ku zauna ku rubuta wa ya tsara wace waƙa da kason kowa, ku huɗun ku sa hannu.