Farar damisar Indiya: zabiya ce, ko jinsi ne na daban?

Sani, Argungu:
Assalamu alaikum. Malamai, tambayata kan farar damisar nan mai ratsin baƙi da bidiyonta ke yawo a WhatsApp. Wasu sun ce zabiya ce, wasu sun ce jinsi ce ta daban da ta kusa ƙarewa, wai shi ya sa gidajen namun daji ke kiwonta. Wanne ne daidai?

Malama Hadiza, Gusau:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Duka biyun ba haka ba ne. Damisar Bengal ce, wato irin ta Indiya, kamar sauran, ƙwayar gado ɗaya tak ta sauya mata launi. Sunan ƙwayar SLC45A2, masana a Jami'ar Peking ta ƙasar Sin suka gano ta a 2013. Sauyin yana hana launin ja da rawaya fitowa a gashi, amma bai taɓa baƙin ba. Shi ya sa ratsinta yana nan, idonta kuma shuɗi. Da zabiya ce, da ratsin ma babu.

Gadonsa irin na sikila ne: sai an samo ƙwayar daga uwa da uba duka. Idan iyaye biyu jajaye ne amma kowanne na ɗauke da ita, kamar AS da AS, kowane ɗa yana da damar ɗaya cikin huɗu ya fito fari. Fara da mai ɗauke da ƙwayar, rabi. Fara da fari, duka. Fara da wanda ba shi da ita kuwa, ko ɗaya ba zai yi fari ba, sai dai duk su ɗauka. A daji masu ɗauke da ita kaɗan ne, haɗuwar biyu kuma sai an dace.

Likita Umar, Ƙauran Namoda:
Malama ta gama da lissafi, bari in faɗi inda ɓarnar take. A 1951 Sarkin Rewa ta ƙasar Indiya, Martand Singh, ya kama wani ɗan damisa fari aka sa masa suna Mohan. An haɗa shi da jar mace, Begum, 'ya'yan duk suka fito jajaye. Sai aka mayar da shi kan 'yarsa Radha, a 1958 ta haifi farare huɗu. Ɗaya daga ciki, Mohini, ita aka kai gidan namun daji na Washington a 1960. Daga nan hanyar ta zama uba da 'ya, wa da ƙanwa, don ita ce mafi saurin ba da fari.

Irin wannan barbara ba farin kaɗai take tarawa ba, har da duk wata muguwar ƙwaya da ke ɓoye a zuriyar. Sakamakon shi ne tsagewar ganɗa, karkacewar ƙashin baya, murɗaɗɗun ƙafafu, ciwon ƙoda, da 'ya'yan da ake haifa ba rai. Harara-garke kuwa yana da nasaba da ƙarancin launin kansa, domin jijiyoyin gani ba sa bin hanyarsu daidai zuwa ƙwaƙwalwa. Gyara yana yiwuwa: a shigo da jajaye waɗanda ba dangi ba, a haɗa masu ɗauke da ƙwayar daga gidaje daban-daban. Amma kashi uku cikin huɗu za su fito jajaye, kowanne kuma sai ya ci nama, alhali fari masu kallo ke biya su gani. Wannan ne ke sa masu kiwo komawa ga dangi, kuma abin yana da ban takaici.

Malam Garba, Zuru:
Sani, batun "ta kusa ƙarewa" ne ya kamata ka yi hattara da shi. Ta ƙarshe da aka sani a daji an harbe ta a 1958, sauran duk a keji suke. Da yawa daga na Amurka an gauraya su da damisar Amur ta Rasha, don haka ba su da amfani a shirin adana jinsin Bengal. A 2011 ƙungiyar gidajen namun daji ta Amurka, AZA, ta hana mambobinta barbara don neman farin launi.

Aikin kiyayewa na gaskiya a daji ake yinsa. Indiya ta kafa shirin kare damisa a 1973, ta keɓe dazuzzuka, ta zuba masu gadi, ƙidayar 2022 ta ba da damisa 3,682. Abin da ke kashe su shi ne farautar fata da ƙashi, sare daji, da ƙarewar barewa da sauran abin da suke ci.

Sani, Argungu:
Allah ya saka da alheri. To, fara za ta iya sake fitowa a daji?

Malama Hadiza, Gusau:
Za ta iya, idan har akwai jajaye masu ɗauke da ƙwayar kuma biyu suka haɗu. Yawan damisar dajin ne ke ƙara wannan damar, tunda ba a sakin na keji.