Muhawara: Shin Ya Dace Mu Yanke Tallafin Python 3.8 Tun da Wa'adinta Ya Cika?

Mai kula da laburaren: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina gabatar muku da shawarar da muka daɗe muna jinginewa, wato sigar laburarenmu mai zuwa (kunshin shirin kwamfuta da wasu ke amfani da shi a nasu aikin) ta daina aiki da siga 3.8 ta yaren rubuta shiri na Python. An fitar da 3.8 a watan Oktoba na 2019, masu kula da yaren kuma suka rufe babinta a Oktoba na 2024, bayan shekara biyar da suka saba ba kowace siga, don haka babu wani facin tsaro, wato gyaran da ke toshe ɓaraka, da zai sake fitowa daga wajensu. Ra'ayina shi ne duk sigar da masu yaren suka janye hannu daga gare ta, mu ma mu janye, domin aikin sa-kai muke yi, kuma lokacin da muke kashewa wajen lallaɓa tsohuwar siga daga cikin na gyaran manhajar muke yankarsa.

Injiniyar kula da sabar: Wa'alaikumus salam, Malam. Na fahimci nauyin da ke kanku, amma ban yarda cewa ranar da masu Python suka tsayar ita ce ranar da siga take barin aiki a hannun jama'a ba. Ubuntu 20.04, tsarin aikin kwamfuta, da 3.8 ta zo, kuma kamfanin Canonical ya yi alkawarin ci gaba da yi mata facin tsaro har zuwa 2030 ga masu rajistar Ubuntu Pro. Red Hat Enterprise Linux 8 ma kan 3.6 kayan aikinta na ciki suka dogara, wa'adinta kuwa sai 2029. Mutanen da ke kan waɗannan injina ba ragwanci ne ya zaunar da su ba. A wurare da dama ba a taɓa sabar da ke riƙe da bayanan jama'a sai an yi gwaji na watanni an kuma sami sa-hannun shugabanni. Idan kuka yanke tallafi yau, su ne za su fara ji a jikinsu.

Mai taimakawa da rubutun shiri: Hajiya, da izininki, ina ganin kalmar "yankewa" ce take sa abin ya yi kama da ƙwace. Babu abin da za a goge daga PyPI, rumbun intanet da ake sauko da laburaren Python daga cikinsa. Tun daga pip 9.0 na 2016, manhajar girkawa tana duba bayanin python_requires da ke jikin kowane kunshi, ta tsallake duk sigar da ba ta dace da injin mutum ba, ta ɗauko ta ƙarshe da ta dace. Wanda ke kan 3.8 zai ci gaba da samun laburarenmu kamar yadda yake a yau, sabbin abubuwa ne kawai ba za su iso masa ba. Mu kuwa a ɓangarenmu, har yanzu ba ma iya rubuta list[int] kai-tsaye a duk inda muke so, sai mun kewaya ta typing.List, kuma muna ɗauke da wani kunshi na daban don lissafin lokutan ƙasashe, alhali zoneinfo yana cikin yaren tun 3.9. Kowane gyara da aka turo sai injin gwaji ya bi da shi ta kowace siga, kuma sau da yawa layin 3.8 ne ke yin ja, alamar faɗuwa, saboda wani kayan gwajin da muke dogara da shi ya riga ya bar ta.

Injiniyar kula da sabar: Ƙanena, batun pip gaskiya ne, kuma ba sabbin abubuwa nake roƙo ba. Tambayata ɗaya ce: idan gobe aka gano ɓaraka ta tsaro a laburaren nan, aka yi facinta a sabuwar sigar da ke buƙatar 3.9, me zai faru da wanda pip ya tsayar a tsohuwa? Zai buga umarnin sabuntawa, a amsa masa cewa abin da yake da shi ya wadatar, ya tashi da natsuwa alhali ƙofarsa a buɗe take. Facin Canonical da na Red Hat yana rufe kunshin da ke cikin rumbunsu ne, bai shafi abin da mutum ya sauko da shi daga PyPI da hannunsa ba. Wannan shirun shi ne abin da nake tsoro.

Malamin bincike: Ku ba ni dama in sa baki, domin mu masu aikin lissafi mun riga mun bi ta wannan hanyar. Masu NumPy, laburaren lissafi na Python, sun rubuta ƙa'idar NEP 29 a 2019, wadda ta ce za su tallafa wa sigogin Python da aka fitar cikin wata 42 da suka gabata, ba shekara biyar ba. Bisa haka NumPy 1.24 ce ta ƙarshe da ke aiki da 3.8, 1.25 kuwa da ta fito a 2023 daga 3.9 ta fara. Django 5.0 ma, laburaren gina shafukan intanet, na Disambar 2023, 3.10 yake nema. Abin da nake nufi, Hajiya, shi ne wanda ke kan 3.8 a yau ya riga ya tsaya cak a manyan laburare da dama, kuma haƙurin da ƙaramin laburare irin namu zai yi ba zai fitar da shi daga haɗarin da kike faɗa ba, sai dai ya ƙara masa jin cewa zamansa lafiya lau ne.

Mu kuma tuna abin da ya faru da Python 2. An fitar da Python 3.0 a Disambar 2008, aka sa 2015 a matsayin ƙarshen 2.7, sai Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro yaren, ya sanar a 2014 cewa an ɗaga zuwa 2020. Shekara biyar ɗin da aka ƙara ta taimaki wasu, babu shakka, amma a fahimtata abin da ya motsa jama'a da gaske shi ne lokacin da IPython 6.0 da Django 2.0 suka bar Python 2 a 2017, NumPy ta biyo baya a 2019. Kafin nan masu rubuta laburare sun shafe shekaru suna rubuta kowane abu ta yadda zai gamsar da yare biyu, da taimakon kunshin six, kuma ladan wannan wahala shi ne kamfanoni suka ci gaba da ɗage ƙaurarsu.

Injiniyar kula da sabar: Malam, kwatancen bai zauna daidai ba. Tsakanin Python 2 da 3 an sauya yadda yaren ke riƙe rubutu gaba ɗaya, tallafa wa biyun kuwa aiki ne mai cin rai. Tsakanin 3.8 da 3.9 bambancin kaɗan ne, kuma abin da ɗan'uwanmu ya lissafa duk sauƙin rubutu ne, ba abin da ya gagara ba. Ban ga adalci ba a ɗora sauƙin alƙalamin mutum uku ko huɗu a kan sikeli guda da tsaron waɗanda ba su ma san ana wannan tattaunawar ba.

Mai kula da laburaren: Hajiya, a nan ne zan saɓa miki da ƙarfi, tare da girmama damuwarki. Mutum uku ko huɗun nan su ne laburaren. Ranar da suka gaji, babu faci ga mai 3.8, babu ga mai 3.12. Kuma tun da aka koma fitar da sabuwar Python kowace shekara daga 3.9, duk Oktoba sai an ƙara mana siga guda a sama, idan ba mu sauke guda a ƙasa ba kayan sai ƙaruwa suke yi. Lasisin da muka saki manhajar a ƙarƙashinsa ya faɗa ƙarara cewa ana ba da ita yadda take, ba tare da lamuni ba. Kamfanin da ya zaɓi zama kan tsohon inji har 2030 yana biyan Canonical kuɗin wannan zaman, mu kuwa ba a biyanmu komai, don haka bai kamata a ce mu ne za mu cike abin da kwangilarsa ba ta rufe ba. Bugu da ƙari, zama kan tsohon tsarin aiki ba ya tilasta zama kan tsohuwar Python: Red Hat 8 ɗin da kika ambata tana ba da 3.11 da 3.12 a rumbunta, ana girka su gefe guda ba tare da an taɓa ta tsarin ba.

Sai dai maganarki kan shirun pip ta shige ni, kuma ina ganin haƙƙinmu ne mu magance ta. Ga abin da nake ba da shawara: mu fitar da siga ta ƙarshe mai aiki da 3.8, wadda za ta riƙa nuna gargaɗi a fili duk lokacin da aka ɗora ta a kan 3.8, mu rubuta python_requires daidai a siga mai bi mata don kada pip ya kai wa kowa abin da zai karya masa aiki, sannan mu buɗe wa wannan tsohuwar sigar reshe na daban wanda ba a karɓar komai a cikinsa sai facin tsaro.

Mai taimakawa da rubutun shiri: Na goyi baya, amma wa zai riƙe reshen? Idan mu ne, to ba mu sauke komai ba, suna kawai muka sauya wa kayan.

Injiniyar kula da sabar: Ni zan riƙe shi, da sharaɗi biyu. Na farko, a rubuta ranar rufe reshen a shafin farko na bayanin laburaren tun yanzu, shekara guda daga fitowar sigar ƙarshe, domin in sami takarda da zan kai wa shugabannina in nemi lokacin ƙaura. Na biyu, duk rahoton ɓaraka da ya iso muku a asirce a sanar da ni tare da ku, kafin a bayyana shi ga jama'a, don facin biyu su fita rana ɗaya. Har yanzu ina ganin kun yi gaggawa, Malam, kuma ina so a rubuta hakan a bayanin shawarar.

Mai kula da laburaren: Za a rubuta, Hajiya, kuma na amince da sharuɗɗan biyu. Zan bar wannan zaren a buɗe na mako biyu kafin mu haɗa gyaran, domin duk wanda ke da injin da ba zai iya ɗaukar 3.9 ko sama da ita ba ya bayyana mana dalilinsa dalla-dalla.