Mai saye ya biya wani abu ya kasa cikawa: zan iya warware ciniki in sake sa gidan a kasuwa?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum. Gida ne a Kano, mai takardar C of O (shaidar mallakar fili ta gwamnati). An sallama a kan miliyan 30, mai saye ya tura miliyan 8, aka rubuta gaban shaidu cewa zai cika cikin wata 2. Yau wata 5 ke nan, kullum gobe, jibi. Ga wani kuma da kuɗinsa a hannu. Zan iya sayar masa in mayar wa na farko nasa?

Barista A.:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka karɓi ko sisin kwabo daga na biyu tukuna. Gida ɗaya, masu saye biyu, nan da nan magana ke komawa ofishin 'yan sanda da sunan damfara.

Ɗauko takardar ka duba ko an rubuta abin da zai faru idan wa'adi ya wuce. Ko an rubuta ma, shirun da ka yi na wata 3 yana iya zama hujjarsa cewa ka ɗaga masa ƙafa. Saboda haka sai ka yanka sabon wa'adi a rubuce. Lauya ya rubuta masa wasiƙa mai ɗauke da ragowar kuɗin, miliyan 22, da lambar asusu, da ranar ƙarshe, misali kwana 21, da cewa in ranar ta wuce ciniki ya warware. A kai masa hannu da hannu ya sa hannu a kwafi. In ya ƙi karɓa, a aika ta kamfanin kai saƙo a adana rasit, a kuma tura hotonta ta WhatsApp.

Ranar ta wuce bai cika ba, sai wasiƙa ta biyu mai sanar da warwarewa, sannan ka mayar da kuɗin ta banki zuwa asusun da suka fito. Ban da tsabar kuɗi, ban da ba wa dillali ya kai.

A shari'ar Odusoga da Ricketts ta 1997, Kotun Ƙoli ta ce a dokar gargajiya wanda bai cika kuɗi ba cinikinsa bai tabbata ba. Amma akwai hukunce-hukuncen da suka karkata ga mai saye, musamman in ya riga ya shiga gidan. To ka ba shi makulli?

Malam Na-Gwale:
Ƙari a kan na Barista, ta fuskar addini. Kada ranka ya raya maka riƙe miliyan 8 ɗin a matsayin tara. Cinikin da aka ce in mai saye ya fasa, kuɗin kafin alƙalamin da ya bayar sun tafi, shi malamai ke kira bai'ul urbun. Malikiyya sun hana, Hanbaliyya ne suka halatta, mu kuwa kotunan Musuluncinmu a kan Malikiyya suke. Hanya mafi tsabta ita ce iƙala: ku zauna, ya yarda, ka yarda, kowa ya karɓi nasa a kan farashin farko, ba ragi ba ƙari. A kira shaidun da suka sa hannu tun farko su sake sa hannu.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri. Makulli na hannuna. Kwafin C of O kawai na ba shi, sai dai dillali ya riga ya karɓi la'adarsa.

Sarkin Dillalai:
Alhamdu lillahi, ka tsallake babban rami. Da ya shiga ya sa tayil ko ya haƙa rijiyar burtsatse, da sai an yi lissafin gyara kafin ya fita, in ma ya yarda ya fita.

Kwafin nan kada ka raina shi. Da shi da takardar cinikinku wasu ke zagayawa suna neman wanda zai saya da riba, su cika maka su ci sauran, kuma sau da yawa dalilin gobe, jibi ke nan. Ranar warwarewa ka karɓe takardar cinikin ta asali da rasit, a rubuta a takardar warwarewa cewa ba shi da sauran haƙƙi a gidan. Ka je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, a binciki fayil ɗin gidan, a tabbatar ba wanda ya shigar da ƙorafi a kansa. Ka sanar da mai unguwa, domin shi sabon mai saye zai fara tambaya.

La'ada kuwa fito da ita daga aljihun dillali aiki ne. Abin da ya fi sauƙi, ku rubuta cewa shi zai kawo sabon mai saye, a cire wadda ya karɓa daga ta gaba. Kuma ka ba mutum ɗaya ko biyu tallar. Gidan da dillalai goma ke yawo da shi bayan ciniki ya rushe, sai a fara cewa rigima ce a kansa, tayi ya faɗi.

Barista A.:
In ya riga ka zuwa kotu, tsaya cak. Rigimar mallakar fili mai C of O ta Babbar Kotu ce a Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, kuma duk cinikin da aka yi shari'a na gudana ana iya rushe shi. A sabuwar takarda kuma a rubuta ranar cikawa, da cewa wa'adin sharaɗi ne, da cewa makulli da takardun asali ba za su bar hannunka ba sai kuɗi sun shiga asusu gaba ɗaya.