Ƙanena na mafarki yana tabbata, wai sai ya shiga halwa

Maman Sadiq: Assalamu alaikum. Ƙanena, ɗan shekara 19, in ya yi mafarki sai abin ya faru. Yanzu ya samo wani laƙani a TikTok, wai kwana 40 a ɗaki, ba nama, ba magana, sai ƙirga. Har ya sayi turaren wuta da carbi mai dubu. Mu bar shi?

Baba Alaramma: Wa alaikumussalam. Baiwa ce, hadisi ya ce mafarkin ƙwarai yanki ne ɗaya cikin 46 na annabci, kuma ba a faɗa wa kowa sai masoyi. Amma 'yata, halwa ba malami ganganci ne. Ko lazimin Tijjaniyya, istigfari 100, salati 100, hailala 100, sai muƙaddami ya ba ka izini, balle wannan. Wa ya ba mai TikTok ɗin?

Anti Nas: Ni tambayata ɗaya ce, yana barci? In ya kwana biyu ido biyu, ko yana jin ana masa magana, ku kai shi asibiti, addu'ar ma a ci gaba.

Maman Sadiq: Barcin kam ya ragu, Anti. Gobe Baffa zai zauna da shi.