Me za mu kira "demonetize" da Hausa?

1/ Jama'a, ku taya ni. Tun da Deezer, manhajar sauraron waƙa ta Faransa, ta fara yi wa waƙoƙin ƙirƙirarriyar basira alama a watan Yunin 2025, kalmar "demonetize", wato daina biyan kuɗin sauraron waƙa, ta cika labarai. Masu fassara kuwa kowa da tasa.

2/ Ita alamar ba ta da wuya. Ko "alama" ko "tambari", duk sun wadatar. Mu wuce.

3/ Na ga an rubuta "cin tara". Ba tara ba ce, don ba a karɓi ko kwabo daga aljihun kowa ba. Na ga "sauke waƙa". Wannan abin da Spotify, wata manhajar sauraron waƙa, ta yi ne, da ta ce a Satumban 2025 ta goge waƙoƙin shara miliyan 75 cikin shekara guda. A namu batun waƙar tana nan, duk mai so zai kunna. "Toshe kuɗi" ya fi kusa, sai dai yana nuna kamar kuɗin na ajiye ne ana jiran a buɗe.

4/ Ku dubi yadda ake biyan. Kuɗin masu rajista da na talla ake tarawa wuri guda, a raba gwargwadon yawan saurare. To wanda ya zuba dubban waƙoƙin inji, ya sa asusun bogi suna ta kunna su dare da rana, daga hakkin mawaƙan gaske yake yanka. A 2024 an gurfanar da wani mawaƙi, Michael Smith, a Amurka bisa zargin samun sama da dala miliyan 10 ta wannan hanya. Deezer ma ta ce a 2025 sauraren bogi ya kai har kashi 70 cikin 100 na sauraren irin waɗannan waƙoƙi, kuma tana cire shi daga lissafin biya.

5/ Shi ya sa na tsaya a kan "hana kaso". Tana juyuwa a baki ba wahala: an hana waƙar kaso, za a hana ta kaso, dokar hana kaso.

6/ Na san wani zai ce ai kaso kurkuku ne. Gaskiya ne, amma wancan da "gidan" yake tafiya, kuma lafazinsu ya bambanta. "Hana rabo" ma ta zo mini, na ajiye ta, don da Bahaushe ya ji rabo, ƙaddara zai fara tunawa, ba lissafin kamfani ba.

7/ Ga yadda za ta zauna a kanun labari: "Deezer ta hana sauraren bogi kaso." Mai wadda ta fi wannan, bismillah.